Ranar da Shehi Ya Hana Mai Makulli Rufe Shago

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ɓoye bayinSa na ƙwarai a cikin jama'a kamar yadda Ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga cikin karamomin Shehinmu, malami masani, arifi, mai tsentseni da gudun duniya, wanda ya ƙoshi da Alƙur'ani da fiƙihu da lugga har manyan malamai kan taso daga nesa su durƙusa a gabansa da littattafansu, amma duk da haka bai taɓa yarda wani ya karɓe masa ajin ƙananan yara na safe ba, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Mu ɗalibansa mun sha yi masa magana, muna ganin girmansa ya wuce zama cikin masu majina da ƙarar wane ya taka mini ƙafa, sai ya yi murmushi ya ce, "Manya suna zuwa mini da abin da suka riga suka zama. Waɗannan ba su gama zama ba tukuna."

Yana daga cikin ɗabi'unsa masu albarka cewa ba ya fara karatu sai ya ce wa yaran kowa ya dubi fuskar na kusa da shi, sa'an nan ya tambaye su wa bai zo ba yau, wa kuma ya zo amma zuciyarsa tana gida. Da haka 'yan shekara biyar da shida suka iya gane wadda ba ta karya ba, da wanda aka doka kafin ya fito, da wanda takalminsa ya tsinke yana ɓoye ƙafa a ƙarƙashin benci. Wasu iyayen suna ganin ɓata lokaci ne. Wanda al'amarin da zan faɗa ya faru da shi, ana ce masa Mai Makulli, yana cikinsu, kuma shi ya ba ni labarin da bakinsa, abin da ya faru a cikin aji kuwa na gan shi da idona.

Mai Makulli mutum ne siriri ɗan shekara arba'in da 'yan kai, shagonsa ƙarami a tsakanin na tela da na mai gyaran fanka, kwaɗuna a rataye jeri-jeri, allo cike da ɗanyun makullai da ba a yanka ba, inji a kan tebur, garin ƙarfe ya shiga ƙarƙashin faratansa ya zauna. Sana'ar ta koya masa zargi, ko kuma zargin ne ya zaɓa masa sana'ar. Duk wanda ya kawo ɗan makulli a yanka masa irinsa sai ya sha tambaya, na wane ɗaki ne, mai gidan ya sani, ina ɗayan ya tafi. Tela kan ce in ka yi wa maƙwabcinsa sallama sai ya juya ta ya duba bayanta kafin ya amsa. Kullum da azahar yakan sa wa shagon kwaɗo uku ya tafi gida, ba ya dawowa sai la'asar, kuma shekara ashirin bai taɓa saɓa wannan ba.

Autarsa 'yar shekara shida tana ajin Shehi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, saboda haka shi Mamana yake ce mata, 'yan gida kuma Mama Ƙarama.

Abin ya fara ne daga wani ɗan matashin kai da ya ɓace daga kan kujerar falo. Ya tambayi matarsa ta ce ba ta sani ba, ya zargi yaran maƙwabta, ya zargi matar da ta zo aron dutsen guga, sai a kwana na uku ya hango kunnen matashin ya leƙo daga jakar makarantar yarinyar. Bai yi magana ba, domin shi ba ya tambaya sai ya gama sa ido. Da yamma ya same ta a tsakar gida ta kwantar da 'yar tsanarta, ta sa mata tsumma a ƙarƙashin kai, ta juya ta ta gefe, tana ce mata a hankali, "Muna nan, ba wanda ya tafi."

Ya tsuguna ya ce, "Mamana, wa kike jinya?"

Ta ce, "Fara'a ce, Baba. In ciwonta ya zo sai ta faɗi ta yi ta karkarwa. Kowa da aikinsa. Akwai masu ture benci, akwai mai kiran babba, dogayenmu kuma su juya baya su yi katanga kada 'yan waje su yi kallo. Ni ce mai matashi. In ta gama sai mu juya ta, in goge mata baki."

"Ki goge mata me?"

"Yawu mana. Da hankici. Shehi ya ce ba a sa mata komai a baki, ko cokali."

Mai Makulli ya san sunan wannan ciwo. Ya shiga ɗaki ya ce wa matarsa, "Kin san mai farfaɗiya 'yarki take gogewa?"

Ta ce, "Na sani tun wata biyu. Na tambaya a asibiti, sun ce ba a ɗauka."

"Kin sani kika ɓoye mini?"

"Baban Mama, wa zai gaya maka magana ka bar ta yadda aka gaya maka?"

A ranar ya sa aka tafasa ruwa aka wanke hijabin yarinyar da jakarta, ya jefa matashin a shara, ya ce ba ta ƙara taka makarantar nan. Sa'an nan ya shiga bincike. Ya gano Fara'a 'yar wata mai wanki ce da ke zaune a bayan makarantar, mijinta ya tafi ya bar ta, kuma makaranta biyu sun mayar mata da yarinyar kafin Shehi ya karɓa. Wannan bai gamsar da shi ba, domin a wurinsa ba a yin alheri haka kawai. Ya fara cewa wanki take yi wa gidan Shehi, aka ce ɗalibai ke yi. Ya ce to 'yar uwarsa ce, aka ce ba su haɗa ko maƙwabtaka ta asali ba. Daga ƙarshe zuciyarsa ta kai shi inda ba na son rubutawa, sai don shi da kansa ya ce in rubuta: ya raya cewa wani asiri ne ake yi, ana sa 'ya'yan mutane suna taɓa yawun domin a rarraba musu ciwon kaɗan-kaɗan har ya ƙare a jikin mai shi. Muna neman tsarin Allah daga mummunan zato ga bayinSa.

Da ya faɗa wa tela, tela ya ajiye almakashi ya ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah. Ciwo tuwon biki ne da za a rarraba?" Amma Mai Makulli ya sami iyaye huɗu da suka saurare shi, suka janye 'ya'yansu, suka wakilta shi ya je ya gaya wa Shehi cewa ko Fara'a ta fita ko su su fita, kuma ba za su yi shiru a unguwa ba. Kowa ya san in aka fitar da ita daga nan ba ta da sauran inda za ta. Mama Ƙarama kuwa ta kwana uku a gida tana tsakurar abinci, ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙa tambayar uwarta, "To wa zai riƙe matashi?"

Mai Makulli ya zo makarantar da hantsi ba tare da sanarwa ba, ya laɓe a bayan taga domin ya fara gani da idonsa. Shehi yana zaune a kan buzunsa ya ba tagar baya, yana tambayar yara wa bai zo ba, suka lissafa har suka zo kan Mama Ƙarama, sai Shehi, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "Babanta ya zo a madadinta. Ku ba shi wurinta." Mai Makulli ya ce a ransa inuwarsa aka gani. Ya shigo ya yi sallama, ya ga wurin 'yarsa a gefen wata siririyar yarinya mai tabo a haɓa, ta matsa masa tana murmushi tana share bencin da tafin hannu. Ya gane ita ce, ya ƙi zama, ya tsaya a bakin ƙofa ya fara magana, Shehi ya ɗaga hannu ya ce, "Bari mu sallami masu haƙƙi tukuna."

Ba a yi nisa da karatu ba Fara'a ta yi wata 'yar ƙara, idonta ya kafe, ta sulale. Ban ji ihu ko ɗaya ba. Yara biyu suka ja benci, ɗaya ya ruga kiran uwarta, dogayen suka jeru a bakin taga da ƙofa suka juya baya, sai aka rasa matashi, yaran suka dubi juna, Shehi ya warware rawaninsa ya ninke ya miƙa wa wata 'yar mitsitsiya ta sa a ƙarƙashin kan yarinyar. Bai karɓe musu aikin ba, ya zauna kusa yana motsa leɓe da addu'a yana duban agogo, har jikin ya lafa, suka juya ta ta gefe, aka goge mata baki, aka lulluɓe ta. Da ta farfaɗo a gajiye wani yaro mai giɓi ya ce mata, "Ba ki rasa komai ba, har yanzu muna ayar nan da ta ƙi zama."

Shi kuwa Mai Makulli bai san lokacin da ya fita ba. Ya tsinci kansa a ƙofar waje, ya riƙe sakata, gumi ya jiƙa masa riga. A nan Shehi ya same shi, kansa babu rawani. Mutumin ya tattara sauran ƙarfinsa ya isar da saƙon iyaye, har da ɗan abin da ya fi saƙon, Shehi ya saurare shi har ya gama, fuskarsa ba ta canja ba, sa'an nan ya ce, "Ba a ɗaukar wannan ciwo. Likitoci sun faɗa, ni ma na daɗe ina gogewa ban ɗauka ba. Gudun ake ɗauka. Yaro ya ga babba ya gudu, sai ya ɗauka."

Ya rage murya yadda ba mai ji sai su biyu, ya ce, "Kai ma ɗauka ka yi. Shekararka takwas aka rataya maka makullin ɗakin nan a wuya. Allah ba Ya kama yaro da abin da manya suka rataya masa. Gobe da azahar kada ka rufe shago, za a kawo maka aiki." Ya juya ya koma wurin yara.

Abin da Shehi ya taɓo kuwa shi ne, Mai Makulli yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya girme shi da shekara biyar, mai irin wannan ciwo. A gidansu an ware masa kofi da tabarma, an hana ƙanin cin abin da ya rage. Wata rana suna dawowa daga aike wan ya ji abin yana taso masa, ya miƙo hannu ya ce, "Ƙanena, riƙe ni," shi kuwa ya zubar da abin da ke hannunsa ya ruga, wan ya faɗi a kan bakin kwalbati ya tsage daga gira har kunne, mutane suka kewaye shi suna kallo daga nesa. Tun daga ranar ubansu ya sa kwaɗo a ɗakin baya don kada a ƙara jin kunya a titi, ya ɗaura makullin a zare ya rataya wa ƙaramin, shi ke buɗewa a miƙa abinci, shi ke rufewa. Shekara huɗu ana haka, ran nan aka wayi gari an ɓalle taga, wan ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Iyayen suka rasu, ƙanin ya bar garin yana ɗan shekara ashirin, ya zo inda ba wanda ya san shi, ya yi aure, kuma ko matarsa bai taɓa gaya wa yana da wa ba.

Wani da ya ji abin da ya ji da ya durƙusa a wurin. Shi tambayar da ta fara zo masa ita ce wa ya kai gulmarsa. Ya koma gida ya bugi cikin matarsa ta nan ya bugi ta can, ya tarar ba ta san komai ba, har ta tambaye shi ko zazzaɓi ke damunsa. Ya buga wa gwaggonsa waya, ita kaɗai ta rage a cikin waɗanda suka sani, tsohuwa ce da kunne ya yi nauyi, ya yi ta ɗaga murya yana tambayarta ko ta san wani Shehi, ita kuma tana amsa masa cewa ƙafar ce dai har yanzu. Ya zauna ya lissafa duk wanda ya taɓa shigowa shagonsa daga wajen garinsu, bai sami kowa ba. Sai ya yanke cewa ko ma yaya aka yi, aikin da aka ce za a kawo gobe shiri ne, an shirya wani ya zo ya yi masa wasan kwaikwayo don ya janye maganar yarinyar, kuma maganin shiri shi ne a zo a tarar da ƙofa a rufe.

Washegari ana kiran azahar ya jawo ƙofa. Kwaɗo na farko ya kama, na biyu ya kama, na uku, wanda ya fi amincewa da shi, ya ƙi. Ya danna, ya buga, ya ɗiga masa mai, ya ƙi. Ya buɗe shagon ya ciro sabo fil daga kwali, ya gwada a hannu ya kama, ya sa a ƙofa ya ƙi. Shi kuwa ba mutumin da zai tafi ya bar ƙofa da kwaɗo biyu ba ne. Tela yana kallonsa yana cewa, "Yau wanzami ya ga jini a kansa." Dole ya yi salla a nan gaban shagon tela inda idonsa zai iya kaiwa ƙofarsa da ya sallame, ya koma ya zauna ya kwance kayan cikin kwaɗon ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya taɓa masa shi.

Yana cikin haka wata doguwar motar fasinja ta shigo layin, wadda ba hanyarta ba ce, ta yi tari sau biyu ta mutu a bakin mararraba. Fasinjoji suka sauko suna neman inuwa. Can sai ga wani mutum mai furfura, da hula ta rufe masa goshi, da akwatin katako a kafaɗa, ya yi sallama ya ce an ce masa nan ake buɗe kwaɗo, aljihunsa ne ya huje makullin ya zube a hanya.

Mai Makulli ya ce a ransa ga ɗan wasan ya iso. Ya ce, "Akwatin naka ne?"

"Nawa ne."

"Me ke ciki?"

"Kayan gyaran takalma. Guduma, basilla, zare baƙi da ja, ƙusoshi a kwalba. Da maganina a cikin gwangwani, shi ne ma damuwar, lokacin shansa ya wuce tun safe."

Ya buɗe kwaɗon cikin ƙiftawar ido, ya ɗaga murfin da kansa ya duba, komai yana nan yadda aka faɗa. Mutumin ya ɓalli ƙwaya, ya roƙi ruwa, ya sha, ya ture hularsa baya don ya share gumi. Tabon ya fito, tsoho, fari, daga gira har kunne.

Mai Makulli ya ce hannunsa ya mutu a kan murfin akwatin, amma bakinsa bai daina aikinsa ba. Ya ce, "Wa ya aiko ka wurina?"

"Kwandasta. Ya ce ya hango makullai a rataye."

"Ka san Shehi?"

"Wane Shehi? Ni ban taɓa sauka a garin nan ba. Babbar hanya aka rufe, tirela ta faɗi, shi ne aka zagayo da mu."

"Yaya sunan mahaifiyarka?"

Baƙon ya dube shi kamar zai yi fushi, sa'an nan ya faɗa. Ya tambaye shi na uba, ya faɗa. Ya tambaye shi me ke bayan ɗakin baya na gidansu, baƙon ya dubi makullan da ke jikin allo, ya dubi mai shagon tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Ban sani ba. Tagar ta yi mini sama, sai ranar da na fita." Sa'an nan ya ce, "Ka yi gemu."

Bai rungume shi ba, bai zage shi ba. Ya mayar da gwangwanin, ya rufe akwatin, ya ce bari ya je kada mota ta tashi ta bar shi. Mai Makulli ya dafe akwatin da hannu biyu ya ce, "Yaya, ba zan ba ka ba," sai tela ne da ya fahimci abin da ake ciki ya shigo ya yi ta ba baƙon haƙuri har ya yarda ya kwana ɗaya. Kuma don a san irin mutumin da muke magana a kansa, kafin su tafi gida sai da ya je ya tsare direban ya tambaye shi wa ya ce ya biyo ta nan, direban da ke ƙarƙashin mota ya ba shi amsar da ba ta rubutuwa.

A gida matarsa ta sha mamaki da aka ce mata ga wan mijinta. Mama Ƙarama ta gaishe shi, ta tsaya tana duban fuskarsa yadda aka koya mata, sa'an nan ta je ta raɗa wa uwarta cewa Baffa ya gaji, kuma yana jin kunyar zama a kujera, a shimfiɗa masa tabarma. Wan ya ba su labari a taƙaice: ya sha wuya, wani mai gyaran takalma ya riƙe shi ya koya masa sana'a ya kai shi asibiti, yana da mata da 'ya'ya uku, ciwon kuma yakan yi shekara bai zo ba in dai bai saɓa lokacin magani ba. Maganar ɗakin baya ba wanda ya tayar.

Da safe, bayan an karya, wan yana tsaye a tsakar gida yana ɗaure akwatinsa, jinkirin maganin jiya da wahalar hanya suka nemi haƙƙinsu. Ya yi ƙara ya faɗi. Mai Makulli ya ce ƙafafunsa sun riga shi yanke shawara, ya juya ya nufi zaure, sai ya ji an riƙe masa gefen riga. Mama Ƙarama ce. Ta ce, "Baba, kansa ya yi mini nauyi, ba zan iya ba. Kuma ka yar da matashin. Zo ka sa ƙafarka."

Ya dawo kamar wanda ake ja da igiya, ya zauna a ƙasa, ya tallafi kan wansa ya ɗora a cinya. Yarinyar ta ture bokiti, ta ce wa uwarta ta rufe ƙofar gida, ta dawo ta tsuguna tana ba shi umarni: kada ya danne shi, kada ya buɗe masa baki, ya bar shi ya gama. Yawu ya zubo masa a hannu, mai ɗumi, ya dube shi, bai janye hannun ba. Ta ce, "Ka ce masa muna nan." Ya buɗe baki abin ya ƙi fita. Ta ce, "Yana ji, Shehi ya ce wani lokaci suna ji." Sai ya faɗa, ya sake faɗa, ya yi ta faɗa har jikin ya saki, suka juya shi ta gefe.

An daɗe kafin wan ya buɗe ido. Ya yi ta kallon sama kamar mai neman inda yake, sa'an nan ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ƙafar wa na tada kai da ita?"

"Tawa ce, Yaya."

Ya lumshe ido. Can ya ce, "Duk ƙashi ce. Ba a ba ka abinci ne a gidan nan?"

Matar gidan ta yi dariya tana share hawaye da bakin zane. Wanda ya ce kwana ɗaya zai yi sai da ya kwana tara, ya gyara duk wani takalmi da ke gidan da na maƙwabta, sa'an nan ya koma wurin iyalinsa, kuma zumunci ya ɗore a tsakaninsu har yau, ko da yake Mai Makulli ya gaya mini akwai maganar da har yanzu in ya ɗauko ta wan yakan ce a bar ta.

Mai Makulli da kansa ya riƙo hannun 'yarsa ya mayar da ita aji, ya bi iyayen nan huɗu gida-gida yana warware abin da ya ƙulla, uku suka mayar da 'ya'yansu, ɗaya ya ƙi, ya ce shi ba a yi masa magana biyu. Ya je ya tsuguna a gaban mai wanki ya nemi gafararta, ita ba ta ma san an yi ƙararta ba. Sa'an nan ya zo gaban Shehi ya faɗi duk abin da ya raya a kansa bai rage ba, Shehi ya ce ya yafe tun kafin a faɗa. Amma hali zanen dutse, da zai tashi sai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, don Allah wa ya gaya maka?"

Shehi ya ce, "Gaibu na Allah ne. Na ga lokacin da ka fita hannunka yana laluben wuyanka."

"To shekara takwas ɗin fa? Da motar, da kwaɗon?"

Shehi ya yi murmushi ya ce, "Ni malamin yara ne. Ka ga suna jira na."

Fara'a kuwa Shehi bai gushe yana yi mata addu'a ba, kuma bai gushe yana tsananta wa uwarta a kan ranakun asibiti ba, har yakan aiki ɗayanmu ya raka su. Faɗuwar ta riƙa yin nisa da juna, daga mako zuwa wata, daga wata zuwa shekara, har ta sauke Alƙur'ani a hannunsa ba wanda ya tuna yaushe ce ta ƙarshe. Duk lokacin da muka ambaci wannan ƙissa a gabansa a matsayin karama sai ya kawar da kai, sau ɗaya kawai ya tanka, ya ce, "In abin mamaki kuke nema, ku dubi ɗan shekara shida da ya ga abin tsoro ya matso."

Wannan shi ne abin da na gani da abin da aka ba ni amana, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa ya fi abin da na faɗa. Allah Ya saka wa Shehinmu da mafificin sakamako, kogin ilimi, fitilar masu neman shiriya, uban marayu da raunana, wanda ya durƙusa ya daidaita tsawonsa da na yara har Allah Ya ɗaukaka shi a kan manya. Ya Ubangiji, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da mu daga albarkarsa, Ka wanke zukatanmu daga zato, Ka tausasa na 'ya'yanmu tun suna ƙanana, kuma ranar da ɗayanmu zai faɗi, a duniya ko a gabanKa, kada Ka bar shi shi kaɗai. Amin, don alfarmar Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.